Ƙofar Wata da Kwandon Hajiya Mahasin

Lungun Sinawa, Abbasiyya, Alƙahira
Ɗakin ƙarƙashin matakala
Asabar, da hantsi

Zuwa ga Fadar Hawa na Biyar, inda tantabaru ke neman izini kafin su sauka. Zuwa ga Uwar Ɗalibai, Sarauniyar Baranda, Taskar Tarihin wannan lungu, wadda igiyar kwandonta ta fi ta kowa tsawo da martaba, Hajiya Mahasin, Allah Ya ƙara wa gwiwoyinki lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawan da, da tana da nauyi, da igiyar ta tsinke kafin hawa na uku, ina fatan kin tashi lafiya.

Ni ne bawanki Munzir, ɗalibin shekarar ƙarshe a sashen zayyanar gine-gine, wanda har makonni uku da suka wuce kike kira “maigidana” a gaban jama’a, yau kuwa ko “kai” ba ya samu. Sau uku ina hawa matakala tamanin da takwas in ƙwanƙwasa, sau uku muryarki tana sanar da ni daga ciki cewa ba kya nan. Na kira waya, ta yi kuka har ta gaji. Da na ga hanyoyin sulhu duk sun toshe, sai na tuna da jakadan da ba a taɓa rufe wa ƙofa ba, wato kwandon da kike sakowa kowace safiya don gurasa. Wannan takarda ta hau ne tsakanin gurasa ta biyu da ta uku, da sanin mai gurasar. Na yi ta da ajami don shi idonki ya saba da shi. A yi haƙuri da hannuna, tun Islamiyya rabona da shi.

Kada ranki ya kawo miki cewa maganar kwanon Juma’a ce ta kawo ni. Allah Ya kiyaye. Cewa Juma’a uku ke nan kwando yana saukowa da tuwon dawa da miyar kuɓewa na ’yan uwana ɗalibai, Jesse da Jamal da Aminat, nawa kuwa shiru, wannan lamari ne da na bar wa masana tarihi na gaba su yi hukunci. Ilimi ne ya kawo ni.

Kamar yadda duniya ta sani, ko take dab da sani, na rubuta kundin kammala karatuna a kan tarihin wannan lungu namu da siffar gininsa. Shafi sittin da huɗu ne. A ciki na bayyana yadda Sinawa suka tarar da tsofaffin benayen Masarawa masu dogon rufi da barandar ƙarfe, suka shiga cikinsu ba tare da sun rushe ko bulo ɗaya ba. Na auna tagar gidan taliya da aka sauke ƙasa har ƙugun mutum, don mai wucewa ya ga hannun da ke jan taliyar. Na ƙirga jajayen fitilu goma sha tara da ke rataye a wayar wuta, waɗanda in azumi ya zo sukan matsa su ba fitilun Masarawa wuri. Na zana ƙananan alluna da aka rubuta Larabci a kansu da burushin Sinawa, har bisimilla ta fito kamar tana rawa. Duk wannan Dakta Fadl, mai duba kundina, ya karanta yana gyaɗa kai.

Sai muka iso babi na huɗu, zuciyar kundin, wato Ƙofar Wata: ƙofar nan mai da’ira da ke ƙarƙashin barandarki, wadda ake bi a shiga tsakar gidan cin abincin Ishaƙ Ma, mai koren rufi da ƙahoni huɗu masu kallon sama. Dakta ya cire tabarau ya ce da ni: “Ya ibni, ɗana, ka rubuta shafi ashirin a kan ƙofa ɗaya, ba ka gaya mini wanda ya gina ta ba, ba ka gaya mini yaushe ba. Ranar Alhamis za ka tsaya gaban kwamiti. Ka zo da suna da shekara da shaidar da zan taɓa da hannuna. In babu, ma’alish, sai haƙuri, mu haɗu baɗi.”

Baɗi, Hajiya. Mahaifina ya yi ritaya daga ofishin jakadanci ya koma Gusau, ya riga ya gaya wa unguwa kaf cewa injiniya na nan tafe a bana.

Na tambayi Ammu Isam mai gadin gida, ya ce shekara shida kawai ya yi a nan. Na tambayi Ishaƙ, ya ci gaba da jan taliyarsa, ya nuna mini sama da haɓa. Na duba sama, ban ga komai ba sai barandarki da shanyarki.

Saboda haka, da sunan ilimi, da sunan al’ummomi masu zuwa, ina roƙon ki buɗe taskar tunaninki.

Naki mai biyayya har abada, ko aƙalla har Alhamis,
Munzir

*

Hawa na biyar
Asabar

Wa’alaikumus salam, Malam Injiniya.

Takardarka ta iso, ta ɓata mini gurasa ɗaya da tawada. Gwiwoyi sun gode. Ka gai da mahaifinka in kun yi waya, shi bai yi mini komai ba.

Na karanta tun daga tantabaru har ƙarshe, ban ga inda ka tambayi laifinka ba. Mutumin da ke sanin shekarun ƙofa daga kallo kawai, me zai yi da tsohuwa?

Ranar Alhamis ɗin da ka kawo abokanka kallon lungu, ka tsaya a ƙarƙashin barandata ka yi magana. Ina sama ina tsince shinkafa, kunnena kuma ba irin gwiwata ba ne. Ka tuno abin da ka faɗa ka rubuto mini. Gajere. Kada ka sake sa takarda cikin gurasa, ka ɗaure ta a igiya.

Mahasin

*

Ƙarƙashin matakala
Lahadi

Zuwa ga Kotun Ƙoli ta Hawa na Biyar, wadda ba a ɗaukaka ƙararta sai dai zuwa rufin gida, inda babu kowa sai tankin ruwa.

Bayan sallama da sunkuyar da kai. Na yi bincike a kan kaina irin wanda ban taɓa yi wa gini ba, na kuma gano laifin. Ina amsa shi ba tare da lauya ba.

A ranar, bayan mun ci abinci a wurin Ishaƙ, na fito ina share baki na ce taliyar hannu da romon naman sa ita ce abu mafi daɗi da ya taɓa shiga bakina a Alƙahira. Na faɗa, Jesse shaida ne, shi ne ma ya kawo miki ita da ƙarin gishiri, in ban yi masa ƙazafi ba. Hajiya, barkono ne ya yi magana, ba ni ba. Taliya baƙuwa ce mai fara’a, a zauna da ita sa’a ɗaya a rabu. Tuwonki kuwa ƙasa ce da tuta da iyaka. Na janye maganar gaba ɗaya, na kuma janye duk wata mai kama da ita da zan iya yi nan gaba.

Ban da wannan, ban faɗi komai a wurin ba sai tsantsar ilimi. Zan maimaita miki don ki ga tsarkinsa. Na nuna musu da’irar ƙofar na ce a ƙasar Sin irinta alama ce ta cikar wata da cikar iyali. Na nuna musu gajeren bangon da ke tsaye a ciki, wanda ke hana mai shiga ya miƙe sai ya karkata, na ce wannan tsohuwar dabarar Sinawa ce. Na nuna musu koren rufin na ce wannan kore ne na daular Ming, ba a samun irinsa a kasuwa. Sannan na ɗaga hannu ga ƙahonin nan huɗu na ce su ne hatimin hujja: ƙofar ba ta gaza shekara ɗari ba, kuma babu shakka ƙwararren magini aka ɗauko takanas daga Sin a jirgin ruwa, domin a duk faɗin wannan nahiya tamu babu maginin da hannunsa zai iya fitar da irin wannan, namu sai dai su dama siminti su miƙa. Aminat har tafi ta yi.

Kin ga dai babu sunanki a ciki, babu na tuwo.

Abin da ya rage mini shi ne sunan wannan gwani na Sin da shekarar da jirginsa ya iso. In ma rabin sunan kika riƙe, zan karɓa da hannu biyu.

Mai tuba na gaskiya,
Munzir

*

Hawa na biyar
Litinin, bayan azahar

Malam Injiniya, salamu alaikum.

Ka ci taliyarka lafiya. Ni ma ina ci, Ishaƙ yana sa mini a kwando duk Talata, ta kuma fi tuwona daɗi ranar da na gaji. Ba a kanta nake fushi ba.

Tun da rabin suna ma za ka karɓa, ga shi cikakke. Sunan gwanin naka na Sin Tijjani. A jirgin ruwa ya zo, wannan ka yi gaskiya, amma na Wadi Halfa ta Sudan, ina gefensa da buhun kaya da ’yarmu Tagwa a goye. Mijina ne. Shekara tara ke nan da rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa.

Zauna in gaya maka abin da shafi sittin da huɗu bai gaya maka ba.

Da muka zo daga garinmu Madani muka kama ɗaki a gidan nan, babu Basine ko ɗaya a lungun. Lungun masu gyaran risho ake ce masa, ko’ina warin kananzir. Sinawan farko ɗalibai uku ne Musulmi da suka zo karatu Azhar, suka kama ɗaki a hawa na biyu don kusa ne da masaukin ɗalibai. Babbansu Yunusa Ma, mahaifin Ishaƙ. Karatunsa dai Allah Ya sani, amma hannunsa a kan fulawa ba a magana. Yana dafa wa ’yan uwansa taliya a risho ɗaya, ƙamshi yana bin matakala, ba a jima ba sai ga ɗaliban Malesiya da na Najeriya zaune a kan matakalar da kwanoni. Da mai gyaran risho na ƙasa ya tsufa ya tashi, Yunusa ya karɓi shagon. Bayansa mai aski ya zo, sai mai ganyen shayi, sai matan nan masu manyan jakunkuna da ke bin gidaje da tufafi. Kowa ya zo sai ya rataya fitila ɗaya. Haka lungun ya canza suna, ba wanda ya yi taro.

Da ciniki ya buɗe, Yunusa ya zuba tebura a tsakar gida, ya ce yana son ƙofa irin ta masallacin garinsu. Ya yagi takardar buhun siminti ya zana ta da fensir. Magina biyu suka duba suka ce ba su taɓa ganin ƙofar da ba ta da kusurwa ba, suka tafi. Tijjani ya duba ya ce a kawo yashi.

Da’irar da kake cewa cikar wata, da ƙusa ɗaya da igiyar shanyata aka fitar da ita. Kwana huɗu ina shanya a kan kujera. Bangon ciki kuwa a nan ne ba su yi gardama ba ko kaɗan. Yunusa ya ce a garinsu ba a barin ƙofa ta kalli tsakar gida kai tsaye, Tijjani ya ce a wurinmu ma haka zaure yake, baƙo ba ya ganin cikin gida daga titi. Suka yi musabaha. Koren daular da ka ambata, bututun ƙasa ne na magudanar ruwa, Tijjani ya tsaga su biyu biyu ya kifa. Ni na shafa musu fenti da tsohon burushi, ina da cikin Husam wata bakwai. In daular Ming ce, to ni ce Ming.

Saura ƙahoni. A zanen Yunusa, gefen rufin ya lanƙwasa sama a kusurwa huɗu. Tijjani ya kalla ya yi murmushi ya ce, “Wannan ai na san shi.” Kakansa magini ne daga Kano, ya fito aikin hajji a ƙafa ya tsaya a Sudan bai ƙarasa ba, shi ya koya masa yadda ake ɗora wa soro zanko. Ka san zanko? Tsinin nan da ake yi a kusurwar rufin gidan ƙasa. Ban taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma na san shi. Kai da kake da fasfo ɗinta ka tsaya a ƙarƙashinsa da abin awo wata takwas kana kiransa Basine.

Da aka cire katako, Yunusa ya fito da fulawa a hannu ya ɗaga kai. Ya ƙura wa ƙahonin ido har na ji tsoro. Sai ya fashe da dariya har ya zauna a kan buhun siminti. Ya ce, “Ya Tijjani, namu suna lanƙwasa kamar wutsiyar tsuntsu, naka sun miƙe kamar kunnen zomo.” Tijjani ya ji kunya ya ɗauko guduma. Yunusa ya riƙe hannunsa ya ce, “Bar su. Ni baƙo, kai baƙo, ƙofar ma ta zama baƙuwa.”

Shekara ashirin da bakwai ke nan, ba ɗari ba. Takardar simintin tana cikin akwatina, da zanen Yunusa da gyaran Tijjani da kwanan wata da hannunsa. Akwai kuma wani abu a saman rufin ƙofar da ba a gani daga ƙasa, sai daga barandata.

Kowace safiya in na leƙa zan sako kwando, kan ƙofar nan nake fara gani. Sai ga yaron da nake zuba wa tuwo da hannuna ya tsaya a ƙarƙashinta yana gaya wa mutane namu sai dai su dama siminti su miƙa. Har da tafi.

Ba zan ba ka takarda a ɓoye ka je ka yi ado da ita a jami’a ba. Inda ka yi maganar, nan za ka koma. Ka tara waɗanda ka tara, da rana, lokacin da wurin Ishaƙ ya cika. Ka faɗi wanda ya gina ta, da Hausa da Larabci, da muryar da ka yi ta farko. Ina sama. In na ji, khalas, magana ta ƙare.

Mahasin

*

Ƙarƙashin matakala, inda ya dace da ni
Talata, bayan la’asar

Zuwa ga Hajiya Mahasin, matar Usta Tijjani, gwanin magina, Allah Ya haskaka kabarinsa.

Kin ga yau ban tara miki laƙabi ba. Na nemi wanda ya fi wannan girma ban samu ba.

Na karanta takardarki sau uku. A karo na farko na nemi inda zan yi gardama. A na biyu na buɗe waya na nemi hoton zanko, na ɗaga ta kusa da ƙofar, Ammu Isam ya leƙo ya ce, “Wannan ai ƙofarmu ce, wa ya kai ta ƙauye?” A na uku ban nemi komai ba. A unguwar Dokki ta nan Alƙahira aka haife ni, sau biyu na je gida, duka biyun a gidan siminti na sauka, amma wannan bayani ne, ba uzuri ba. Na raina hannun da ban sani ba, a ƙarƙashin idon wadda ta san shi. Ki yafe mini.

Na san kin ga abin da ya faru yau daga sama, amma wajibi ne a rubuta shi don tarihi, kuma akwai abin da bai kai hawa na biyar ba. Da ƙarfe ɗaya da rabi na ari kujerar Ammu Isam na hau, a gaban Jesse da Jamal da Aminat da kimanin mutum talatin masu cin taliya, waɗanda ba su nemi lacca ba amma suka samu. Na ce wannan ƙofa Yunusa Ma ne ya yi mafarkinta, Usta Tijjani ya gina ta, Hajiya Mahasin ta yi mata fenti, kuma wanda ya ce ba haka ba jahili ne mai shafi sittin da huɗu. Jesse ya ɗaga hannu ya ce, “Malam, ba mu ji na ƙarshen ba, a maimaita.” Na maimaita. Da na juya zuwa Larabci, wani ɗalibi ɗan Indonesiya ya ce amin, yana zaton addu’a ce. Aminat ta sake tafawa, na roƙe ta ta bari, tafinta ne ya kai ni inda nake.

Ga abin da ba ki ji ba. Da na sauko, Ishaƙ ya bar taliyarsa ya fito, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce da ni a hankali, mahaifinsa har ya koma Sin ya rasu “kunnuwan Tijjani” yake kiransu, kuma ya bar masa wasiyya cewa ya canza duk abin da ya ga dama a gidan, ban da su. Shi ya sa duk shekara kafin azumi yake hawa tsani ya sabunta koren da kansa. Na ce me ya hana shi gaya mini tun wata takwas? Ya ce, “Ba ka taɓa tambaya ba sai makon jiya. Kullum bayani kake yi mini.”

Na yaga babi na huɗu. Ina da kwana ɗaya da rabi in sake shi. Idan kotu ta gamsu, ina neman izinin hawa matakala tamanin da takwas a karo na huɗu.

Munzir

*

Talata

Na ji. Larabcinka ya fi Hausarka ladabi, amma na ji.

Ka hawo gobe bayan la’asar. Tukunyar gas ɗina tana wurin Isam tun jiya, ka hawo da ita tun da hanya ɗaya ce. Ka wanke hannu kafin ka taɓa takardar. Shayi kawai za ka sha, kada ka sa rai.

Mahasin

*

Ƙarƙashin matakala
Alhamis, kafin magariba

Zuwa ga Daular Ming ta Hawa na Biyar, mai fenti da burushi, mai igiyar da ta auna wata.

Bayan gaisuwa da kafaɗa mai ciwo, wadda tukunyar gas ta bar wa tambari, ina mai farin cikin sanar da fadarki cewa bawanki ya tsaya gaban kwamiti yau, ya kuma fito da ƙafafunsa.

Zan faɗi gaskiya, jiya da na leƙa daga barandarki na ga saman rufin, kalmomina sun gudu sun bar ni, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na fara magana. Dagin Arewa da Usta ya zana da yatsa a cikin ɗanyen siminti, da sunansa a gefe, da ƙananan haruffan Sinanci biyu da Yunusa ya ƙara a ƙasa, shekara ashirin da bakwai suna kallon sama ba mai ganinsu sai ke da tantabaru. Na ga kin juya kina gyara shanyar da ba ta buƙatar gyara, ni ma na yi kamar ina gyara kyamara.

Dakta Fadl ya karɓi takardar simintin da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon inda fensirin Yunusa ya lanƙwasa da inda na Usta ya bi ta kansa ya miƙe. Sannan ya ce da sauran malaman, “Wata takwas yaron nan yana kawo mini ƙasar Sin daga littafi. Yau ya kawo mini lungu.” Wata malama ta tambaye ni, to ƙofar ta Sinawa ce ko ta Hausawa? Na gaya mata abin da Yunusa ya ce ranar da ya hana Usta ɗaga guduma. Ta rubuta shi a littafinta. Na ci, Hajiya. Sun ce in gyara shafi goma sha ɗaya in rage manyan kalmomi, wanda na ɗauka a matsayin hassada.

Na sa sunan Usta Tijjani a shafin farko, sama da nawa. Dakta yana neman izinin zuwa ya ga rufin da idonsa. Na gaya masa adadin matakalar, na kuma gaya masa kada ya zo ranar da gas ya ƙare.

Takardar simintinki tana cikin kwando a tsakanin kwali biyu, ba ta taɓa gurasa ba. Mahaifina ya ce in gaishe ki, ya ce kuma gidan kakana a ƙauye yana da zanko shida, ban taɓa ɗaga kai ba ne.

Wassalam. Ba ni da sauran buƙata a duniya.

Injiniya Munzir

*

Alhamis

Maigidana,

Barka. Allah Ya sa albarka, Ya sa ka gina abin da wani zai tsaya a ƙarƙashinsa ya yi ƙarya a kansa bayan shekara talatin. Takarda ta dawo lafiya. Ka ce da Daktan ya zo, amma ya zo da numfashinsa.

Ka ce ba ka da sauran buƙata. Jiya kana shan shayi idonka yana kan tukunyata, har ka zuba sukari sau biyu. Kwana shida kana aiko mini da tantabaru da dauloli. Yanzu ilimi ya ƙare, na kuma aika an niƙo dawa. Faɗi abin da ya kawo ka, a layi biyu.

Kakarka,
Mahasin

*

Juma’a, da sassafe

Ranki ya daɗe,

Digiri, da ya kuɓuce, da na sake shi baɗi. Juma’a ta huɗu ce ba zan iya ba.

Kwanona shi ne shuɗin nan mai lotsattsen murfi. A taimaka a sa shi a kwando yau, kuma ƙanzon gindin tukunya, wanda Jesse ya gada ba bisa ƙa’ida ba makonni uku ke nan, a dawo wa mai shi da abinsa.

Ina ƙarƙashin kunnen hagu, ina kallon sama.

Maigidanki,
Munzir